Shekara nawa ake yi kafin mutum ya zama mai gyaran ƙashin baya?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema a kan ƙanina. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau a darussan kimiyya, kuma tun bara hankalinsa ya tafi kan aikin masu gyaran ƙashin baya da hannu, waɗanda ake kira kairofurakta. Kullum yana kan bidiyonsu, a kwantar da mutum, a juya masa wuya, ka ji ƙas, mutumin ya tashi yana murmushi. Jiya ya turo mini tallar wani kwas na wata uku da ake yi ta intanet, wai in ya gama za a ba shi takardar shaida ya fara duba mutane. Tun rasuwar mahaifinmu ni ke riƙe da shi, kuma ni zan biya kuɗin. Zuciyata dai ba ta kwanta ba. Ƙashin baya abin wasa ne da za a koye shi a wata uku? Don Allah wanda ya san yadda karatun yake ya yi mini bayani.

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam. Kada ka biya ko sisi tukuna. Akwai masu aikin a zauren nan, bari su zo.

Nura Ɗalibi: Yaya, zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Ni yanzu haka karatun nake yi a Ingila, ina shekara ta uku cikin huɗu, kuma har yau ba a ba ni ikon taɓa mara lafiya ni kaɗai ba. A nan akwai doka tun 1994 da ta kafa majalisar da ke kula da wannan aiki, ana kiranta GCC. Laifi ne a dokar ƙasar mutum ya kira kansa kairofurakta alhali sunansa ba ya cikin rajistarta, kuma ba ta sa sunanka sai ka kawo digiri daga makarantar da ta amince da ita. Digirin na shekara huɗu ne, kullum a aji, a matakin digiri na biyu ake ba da shi. Wanda sakamakonsa na kimiyya bai kai ba yakan ƙara shekara guda ta share fage. Takardar wata uku ba ta kai mutum ko ƙofar ofishin rajista.

Baban Hanifa: Shekara huɗu kuma? To me ake koya har tsawon wannan lokaci? Abin da muke gani a bidiyon bai wuce minti biyu ba.

Nura Ɗalibi: Abin da ake gani a bidiyo shi ne ɗan ƙarshen wutsiyar aikin. Shekara biyun farko kusan duk kimiyyar jikin ɗan Adam ce: ƙirar jiki, yadda sassan jiki ke aiki, sinadaran jiki, ƙwayoyin cuta, cututtuka da yadda suke ɓata nama, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ƙashin baya kaɗai ya ishe ka karatu. Guda 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a ƙugu, sannan waɗanda suka manne da juna a ƙasa. Laka ta ratsa ta tsakiyarsu, jijiyoyi 31 na fita ta dama, 31 ta hagu, kuma dole ka san kowace ina ta nufa, wace tsoka take motsawa, wane yanki na fata take ji. In mutum ya ce babban yatsan ƙafarsa ya yi nauyi ba ya ɗaguwa, ana so kafin ya rufe baki ka san wace jijiya ce a ƙugu ake zargi.

Ranar da aka fara shigar da mu ɗakin gawa ba zan manta ba. Malamar ta buɗe wuya ta nuna mana wata jijiyar jini da ke hawa ta cikin ƙananan ramuka a gefen ƙasusuwan wuya, sannan ta yi lanƙwasa a ƙarƙashin ƙeya kafin ta shiga kai. Sirirya ce, ba ta kai kaurin biro ba. Ta ce kowa ya matso ya kalla da kyau, domin wannan ce za ta riƙa wucewa ƙarƙashin yatsunmu duk ranar da muka kama wuyan mutum. Ajin ya yi tsit.

Shi kuma aikin hannun, a hankali ake gina shi. A makonnin farko an ba mu silin gashi guda, a ɗora takarda a kai, ka rufe ido ka lalubo shi da yatsa. In ka samu a ƙara takarda, a ƙara wata. Daga nan sai laluben ƙasusuwa a jikin abokan karatu, wata da watanni. Turawar nan mai sauri da ke sa a ji ƙara, a kan tebur mai na'urar auna ƙarfi muka fara ta, allo yana nuna maka nauyin da ka saka da saurin hannunka. Sai malami ya gamsu kafin a bar ka ka gwada a jikin ɗan ajinku.

Anti Rabi Gashin Ƙashi: Nura ya yi bayani mai kyau. Ni aikin gashin ƙashi nake yi shekaru da dama, kuma mutane na yawan haɗa mu da su, har da masu ɗorin karaya da masu tausa. Ayyuka ne daban-daban. Ƙarar nan ma da ke burge yara, ba ƙashi ne ya goce aka mayar da shi ba. Iska ce ke taruwa a cikin ruwan gaɓa idan aka buɗa ta da sauri, irin ta yatsa in an ja shi. Ana iya jin ƙara ba a amfana da komai ba, ana iya amfana ba a ji ƙara ba.

Alhaji Sabo Amurka: Salamu alaikum. An turo mini wannan muhawara aka ce in sa baki, tunda aikin nake yi a Amurka. Baban Hanifa, Allah ya saka maka da alheri da riƙon zumunci. A nan hanyar ta fi ta Ingila tsawo, domin ba a shiga makarantar kai tsaye daga sakandare. Sai ka yi aƙalla shekara uku a jami'a, abin da suke lissafawa da maki 90 na darussa, kuma a ciki dole a samu kaso mai kauri na kimiyyar halittu, kimiyyar sinadarai da makamantansu. Yawancin ɗalibai ma sai sun kammala digirin farko na shekara huɗu suke shiga, wasu jihohin kuma ba sa ba da lasisi in babu shi. Bayan nan sai makarantar kairofuraktik, wadda hukumar tantancewa ta CCE ta wajabta mata koyarwar da ba ta gaza awa 4,200 ba. Wasu makarantun suna raba ta zango goma ba dogon hutu, a gama cikin shekara uku da wata huɗu. Wasu shekara huɗu cif. In ka haɗa lissafi, shekara bakwai zuwa takwas ke nan bayan sakandare.

Kuma tsugune ba ta ƙare ba. Akwai jarrabawar ƙasa ta hukumar NBCE, kashi huɗu. Na farko kimiyyar jiki ce zalla. Na biyu gano cuta da karanta hoton ƙashi. Na uku a ba ka labarin mara lafiya a rubuce ka faɗi abin da za ka yi da shi. Na huɗu a aikace ake yi, masu jarrabawa na tsaye suna kallon hannunka. In ka haye duka, sai ka nemi lasisin jihar da za ka zauna, kowace jiha da hukumarta da sharuɗɗanta. Ni yanzu duk lokacin sabunta lasisi sai na nuna shaidar awannin da na yi na ƙarin karatu.

Maganar kuɗi kuma kada a ɓoye ta. A yawancin makarantun nan kuɗin karatun kaɗai ya haura dala 100,000, ban da haya da abinci. Da yawa daga abokan karatuna sun daɗe suna biyan bashi.

Baban Hanifa: Inna lillahi. Alhaji, wannan ai karatun likita ne sosai.

Likita Sa'adatu: Ku yi haƙuri in tsoma baki a nan, domin wannan kalmar ce nake tsoro. Ba karatun likita ba ne, ko da yake tsawonsa ya kusa kuma darussan farko sun yi kama. A Amurka ana kiran digirinsu da DC, ana ce musu dakta, amma ba sa tiyata, kuma a kusan ko'ina ba sa rubuta maganin asibiti. Babban bambancin a nan yake: ɗalibin likitanci yana shafe shekaru a cikin ɗakunan kwanciya na asibiti, yana ganin mai ciwon zuciya, mai sankara, jariri mai zazzaɓi, mutum yana mutuwa a gabansa. In ya gama kuma sai ya sake yin shekaru uku zuwa bakwai na horon ƙwarewa kafin a sakar masa mara. Ɗalibin kairofuraktik yawancin horonsa na aikace a asibitin makarantarsu yake yi, inda masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa, galibi ciwon baya da wuya ne ya kawo su. Yana gamawa ya ci jarrabawa zai iya buɗe wurinsa. Ba raini nake yi ba, amma idon da ya ga cuta dubu daban yake da idon da ya karanta ta a littafi.

Sannan akwai maganar asalin aikin, wadda ya kamata yaron ya sani kafin ya zuba shekarunsa. Daniel David Palmer ne ya ƙirƙiro shi a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa. Ba likita ba ne. Ya ce ya gyara ƙashin bayan wani mai share ginin da yake aiki, Harvey Lillard, sai kunnensa da ya toshe ya buɗe. Daga nan ya gina ra'ayin cewa kusan dukkan cututtuka daga ɗan gocewar ƙasusuwan baya suke, wai suna danne jijiya su tare ƙarfin rai. Wannan ra'ayi bincike bai tabbatar da shi ba. Har yau kuma akwai makarantun da ke koyar da shi kamar gaskiya ce tabbatacciya.

Alhaji Sabo Amurka: Likita, tarihin da kika kawo haka yake, ba zan musa ba. Palmer ya buɗe makarantarsa a 1897, a 1906 ma an ɗaure shi a kan yin aikin likita ba lasisi. Amma ai aikin bai tsaya a inda ya bar shi ba. Tun zamanin ɗansa B. J. Palmer gidan ya rabu biyu: masu riƙe da koyarwar asali ba sauyi, da masu haɗa ta da abin da kimiyya ta gano. Wannan tsagin na biyu shi ya kawo tantance makarantu da jarrabawar ƙasa. Jihar Louisiana ce ta ƙarshe da ta fara ba da lasisi, a 1974. Kuma kada mu manta ƙungiyar likitocin Amurka ta yi shekaru tana hana 'ya'yanta hulɗa da mu, har kotu ta same ta da laifi a 1987. Wani ɓangare na nisan da ke tsakaninmu da asibiti daga nan ya samo asali, ba daga gare mu kaɗai ba.

Game da horon aikace, kin yi gaskiya rabi. Ba mu ga abin da kuka gani ba. Amma a kan ciwon baya da wuya da gaɓoɓi, awannin da muka yi sun fi na ɗalibin likitanci nesa. A 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka da kanta ta sa gyaran ƙashin baya da hannu cikin hanyoyin da ake fara gwadawa ga ciwon ƙugu kafin a kai ga ƙwayoyi.

Likita Sa'adatu: Ta sa shi, tare da tausa da gashi da ɗumi da motsa jiki. Ga ciwon ƙugu na yau da kullum amfaninsa matsakaici ne, kusan daidai da sauran. Wannan na yarda da shi, ni ma nakan tura mutane. Inda muke rabuwa shi ne mai cewa zai warkar da asma, ko hawan jini, ko ciwon kunnen jariri ta hanyar danna baya.

Alhaji Sabo Amurka: A nan ba mu rabu ba ko kaɗan. Wanda ya faɗi haka ni ma abokin faɗana ne.

Nura Ɗalibi: Mama Likita, a wajenmu majalisar GCC ta fitar da matsaya tun 2010 cewa wancan ra'ayin gocewar ƙashi abu ne na tarihi, babu hujjar bincike da ta nuna shi ke haddasa cututtuka. A makarantarmu a darasin tarihi aka koya mana shi. In ka rubuta shi a matsayin abin da ke damun mara lafiya, malami zai dawo maka da takardarka. Amma na haɗu da ɗaliban wata makarantar a wani taro, wallahi kamar ba aiki ɗaya muke karanta ba. Saboda haka maganarki tana kan hanya, makaranta ta bambanta da makaranta.

Maman Walid: Ni ba masaniya ba ce, abin da ya same mu kawai zan faɗa. Maigidana ya yi fama da ciwon wuya da ciwon kai na kwana biyu, wani abokinsa ya kai shi wurin wani mutum da ke da tebur da takardu a jikin bango. Bai tambaye shi komai ba, ko awon jini bai yi masa ba, ya kwantar da shi ya juya wuyan dama da hagu. Da daddare ina zuba masa ruwa sai na ga kofin ya zame daga hannunsa. Ya ce ɗakin yana juyawa, maganarsa ta fara lauyewa, ya tashi zai shiga banɗaki ya tafi gefe guda kamar an ture shi. A asibiti suka ce jijiyar jinin wuyansa ce ta tsage daga ciki, gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa. Allah ya yi da sauran kwana, amma wata takwas ya yi yana koyon tafiya. Daga baya muka gano takardun nan na kwas ɗin 'yan makonni ne, mutumin ba ya cikin rajistar kowace hukuma. Baban Hanifa, don girman Allah kada ka bari ƙaninka ya zama irin wannan mutumin.

Malam Isiyaku: Subhanallah. Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa kaffara ne.

Baban Hanifa: Amin. 'Yar'uwa, jikina ya yi sanyi. Allah ya ba ku ladan jinya. Zan nuna masa wannan saƙon da idonsa.

Likita Sa'adatu: Sannu Maman Walid. Jijiyar da Nura ya ce an nuna musu a ɗakin gawa, ita ce wannan. Don adalci zan ƙara abu ɗaya. Irin wannan tsagewa ba ta da yawa, kuma sau da dama ita ce ke fara kawo ciwon wuyan da ciwon kan da ke sa mutum ya nemi taimako tun farko. Wani babban bincike da aka yi a Ontario ta Kanada, aka buga a 2008, ya nuna masu irin wannan shanyewar jiki sun ziyarci likitocin iyali kafin faruwarta kamar yadda suka ziyarci masu gyaran ƙashin baya. Masana ba su gama daidaitawa a kan ko juya wuyan ne ke tsaga ta ko kuwa yana ƙarasa wadda ta riga ta fara ba. Ko wanne ne, sabon ciwon kai mai tsanani tare da ciwon wuya irin wanda mutum bai taɓa ji ba, ba a kama wuyansa. Tambaya ake yi, a duba ido da harshe da tafiya, a tura shi asibiti.

Alhaji Sabo Amurka: Wannan shi ne abin da shekarun nan suke saya wa mutum. Bari in ba ku labarin kaina. Ina shekarar ƙarshe, a asibitin makaranta, aka ba ni wani dattijo mai ciwon gadon baya. Na yi masa tambayoyi, na duba shi, na sami wurin da ya ƙage, raina ya yi fari, na je wurin malamin da ke sa ido a kaina na ce ga abin da zan yi. Bai ce mini komai ba, ya biyo ni ɗakin. Ya dubi dattijon, ya dubi bel ɗin wandonsa, ya ga an huda sababbin ramuka biyu da ƙusa. Ya tambaye shi, Baba, ramewa kake yi? Ya ce eh, wata uku ke nan. Ciwon yana tashinka daga barci? Ya ce kullum, kuma kwanciya ba ta rage shi. Malam ya ce in rubuta takardar tura shi hoto da gwajin jini yau ɗin nan. Sankarar mafitsara ce ta bazu zuwa ƙashin baya. Da na danna wurin nan da ƙarfin da na yi niyya, ƙashin na iya rugujewa a kan laka. Tambayar rama tana cikin takardar da aka ba ni, na tsallake ta saboda ɗokin in yi abin da hannuna ya iya. Na yi kwana uku ban yi barcin kirki ba.

Ire-irensu suna da yawa, kuma kowanne da ciwon baya yake sallama. Tarin fuka yana cin ƙashin baya. Tsofaffi, musamman mata, ƙashinsu kan zaizaye ya yi rauni har ƙaramin nauyi ya karya shi. Ciwon ƙoda yana jefa zafi a baya. Akwai kuma wanda faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu ya fito ya danne tarin jijiyoyin ƙasa: fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, tsakanin cinyoyi ya mutu, ƙafafu biyu su yi sanyi. Wannan tiyatar gaggawa yake buƙata a cikin awanni, in aka tsaya danne-danne mutum zai iya rasa riƙon fitsari har abada. Wane kwas na wata uku ne zai sa ido ya iya rarrabe waɗannan?

Hadiza K.: Tambaya daga gefe. Dole sai Amurka ko Ingila? Ni ma ɗiyata ta taɓa yi mini maganar.

Anti Rabi Gashin Ƙashi: A'a Hajiya. A Afirka ta Kudu jami'o'i biyu na gwamnati suna koyar da shi, Jami'ar Fasaha ta Durban da Jami'ar Johannesburg. Daga sakandare ake shiga, amma sai an kai digiri na biyu da rubuta kundin bincike, shekara biyar zuwa shida, sannan horon aiki, sannan rajista da majalisar da ke kula da su. A Kanada akwai kwalejin CMCC a Toronto, tun 1945 take, shekara huɗu bayan shekara uku na jami'a. Akwai kuma jami'ar Trois-Rivières a Quebec mai koyarwa da Faransanci, shekara biyar. Ostireliya ma shekara biyar ne galibi, uku da biyu.

Waɗanda suka fi burge ni su ne Denmak da Suwizalan, domin sun amsa ƙorafin Likita Sa'adatu a aikace. A jami'ar Kudancin Denmak da ke Odense, ɗaliban suna yin mafi yawan darussan shekara ukun farko a aji ɗaya da ɗaliban likitanci, su ƙara shekara biyu, sannan shekara guda ta horon aiki. A Zurich, tun 2008 karatun yana cikin tsangayar likitanci ne, shekara shida. Sai dai kowannensu da harshen ƙasar ake koyarwa, kuma gurbin kaɗan ne.

Likita Sa'adatu: Da a ce ko'ina haka ake yi, da ban buɗe baki ba a muhawarar nan.

Nura Ɗalibi: Akwai ma'aunin da Baban Hanifa zai iya riƙewa ko wace ƙasa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2005 a kan wannan horo. Ta ce cikakken karatun kada ya gaza awa 4,200 a gaban malami cikin shekara huɗu, kuma a ciki aƙalla awa 1,000 na duba marasa lafiya ƙarƙashin kulawa. Har likitan da ya riga ya gama karatunsa, in yana son ya koyi aikin sosai, ta ce sai ya ƙara awa 2,200. To in likita sai ya yi wannan, ina ga yaron da ya fito daga sakandare?

Baban Hanifa: Na zauna da shi yanzu bayan isha'i, mun karanta komai tare. Da ya zo kan saƙon Maman Walid ya daɗe bai ɗago kai ba. Maganar kwas ɗin wata uku ta mutu, shi da kansa ya goge tallar. Amma ya ce har yanzu yana son aikin, ko shekara nawa ne. Ni kuma gaskiya ƙarfina bai kai dala dubu ɗari ba, ko rabinta. Me kuke ganin ya dace ya yi daga nan?

Anti Rabi Gashin Ƙashi: Ɗana, in abin da yake so shi ne ya sauƙaƙa wa mutane ciwon baya da hannunsa, ya duba karatun gashin ƙashi da idon basira. Jami'o'in da ke koyar da shi sun fi yawa nesa ba kusa ba, horonmu a cikin asibiti ake yi tare da likitoci, kuma bayan digiri akwai ƙwarewa ta musamman a aikin hannu wadda ta haɗa da irin wannan turawar. Za a ce na ja ruwa zuwa gonata, amma ƙofar aikinmu a buɗe take a kusan kowace ƙasa, tasu kuwa ba haka ba.

Alhaji Sabo Amurka: Hajiya Rabi ba ta yi ƙarya ba, kuma ba zan ji haushi ba in ya bi ta nan. In kuma ya nace sai namu, abu na farko ya binciki ƙasar da yake son ya zauna ya yi aiki: akwai dokar da ta san da wannan sana'a? Wace hukuma ke rajista? Digirin wace makaranta take karɓa? Akwai ƙasashe da dama da babu doka a kai sam, wasu kuma likita kaɗai suka yarda ya yi. Mutum zai iya gama shekara biyar ya dawo da takardar da ba inda za ta ci. Sunan makaranta kuma a shafin hukumar tantancewa ake duba shi, ba a shafin makarantar ba. Sannan ya rubuta musu ya tambaya: marasa lafiya nawa ɗalibi ke dubawa kafin ya fita, akwai zagayen asibiti ko babu, kuma a wane darasi suke koyar da ra'ayin Palmer. Amsar wannan ta ƙarshe za ta nuna masa irin gidan da zai shiga.

Likita Sa'adatu: Ko wacce ya zaɓa, digirin farko a ƙirar jiki ko aikin sassan jiki ba zai zama asara ba. Yana buɗe duka ƙofofin uku, har da tamu.

Nura Ɗalibi: Yaya, ka ce masa ya nemi wani mai rajista ya roƙi izinin zama a wurinsa yini guda. Makarantu da yawa ma suna son ganin shaidar haka kafin su ɗauki ɗalibi. Ya lura da sabon mara lafiya, minti nawa aka yi ana tambaya da gwaji kafin a kai ga tebur. A asibitin makarantarmu zuwan farko yakan ci fiye da awa guda, wani lokaci ma a sallami mutum da takardar zuwa wurin likita ba a taɓa bayansa ba. In ya ga wannan bai gundure shi ba, ya turo mini sakamakonsa ta akwatin sirri, mu duba tare ko darussansa sun cika sharuɗɗan shiga.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ya ce a tambayi Anti Rabi, shi karatun gashin ƙashin shekara nawa ne, kuma wane darasi ya fi kayar da ɗalibai a shekarar farko?

Anti Rabi Gashin Ƙashi: Ya danganta da ƙasa, daga uku zuwa biyar a mafi yawan wurare, a Amurka kuma uku bayan digirin farko. Mai kayar da mutane ƙirar jiki ce, a wurinmu da wurinsu Nura duka. Ya samo littafinta mai hotuna tun yanzu, ya fara da ƙasusuwan wuya guda bakwai, ya iya zana na farko da na biyu da ka. In ya yi, ya ɗauki hoton zanen ya turo nan in gani.